Majiya, Gulbin da Ba Ya Kaiwa Teku

Gulbin Majiya yana tasowa ne daga duwatsun Adar, ya ratsa ƙasar Malbaza da ta Birnin Ƙonni, ya tuƙe a tafkin Kalmalo cikin Nijeriya. Da damina kaɗai yake gudu, amma da rani ake cin moriyarsa: a fadamunsa ake noman albasar Galmi, kuma madatsun ruwa na Mozage da Zango ke shayar da gonakin Ƙonni. Bayan farin 1973, da iska ta dinga kwashe ƙasar noma, aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin cikin 1975. A yau babbar barazana ita ce yashin da koramu ke zubawa cikin madatsun, yana rage ruwan da manoman rani suka dogara da shi.