Wa ya biya kuɗin bincike a Aro?

A shekarar 1954 wani likita ɗan shekara 31 mai suna Thomas Adeoye Lambo ya dawo garinsu Abeokuta daga Ingila, inda ya karanta likitanci a Birmingham, ya kuma ƙware kan tabin hankali a asibitin Maudsley na Landan. Aka damƙa masa sabon asibitin masu tabin hankali da ake ginawa a Aro, can bayan gari. Ya tarar ba a gama ginin ba, ma'aikata kaɗan ne, ga marasa lafiya na jira.

Kafin zuwansa, tanadin da Turawan mulki suka yi wa mai tabin hankali tsarewa ce kawai. Sun buɗe gidan ajiye mahaukata a Kalaba a 1904, suka buɗe na Yaba a Legas a 1907, sauran kuwa a gidajen yari ake zuba su tare da ɓarayi, har da gidajen yarin En'e na nan Arewa. A Abeokuta ma tsohon gidan yarin Lantoro aka mayar wurin ajiyarsu a 1944, can kuma aka riƙa kai sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama hankalinsu a gushe. Babu mai kashe kwabo don ya gano me ke damunsu. Ɗan binciken da ake yi a lokacin ma, da shi gara babu. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers, likitan da ya riƙe asibitin Mathari a Nairobi, mutumin da ya taɓa rubuta cewa tunanin Baƙar fata mai lafiya ya yi kama da na Baturen da aka yi wa aiki aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Da irin wannan karatu ake tsara mana magani.

Lambo bai jira a gama gini ba. Ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya zauna da dattawansu, ya roƙi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna. Sharaɗin shi ne kowane mara lafiya ya zo da mai jinyarsa, galibi uwa ko inna ko 'yar'uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta kwana ɗaki ɗaya da shi. Da safe sai ta riƙo shi su taka zuwa asibiti, a duba shi, a ba shi maganin Largactil ko a yi masa maganin girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki idan ciwon ya kai ga haka, ya taɓa ɗan aikin hannu, da la'asar su koma ƙauye. Can zai ji kukan awaki da ihun yara, ya zauna a ƙofar gida ana gaisawa da shi, ba a bayan ƙarfe ba. Akwai ma'aikatan jinya a ƙauyen dare da rana saboda abin da ka iya tasowa. Su kuma masu gidaje suka sami kuɗin haya da rancen ƙara ɗakuna, aka jawo musu ruwan famfo, aka gina masai, aka yi yaƙi da sauro. Ƙauyuka huɗu ne suka shiga tsarin, kuma a lokacin da ya bunƙasa suna ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne Lambo ya jawo bokayen Yarabawa cikin aikin. Hujjarsa a fili take: mutumin da ya yi imani cewa jifa aka yi masa ba zai saki jiki da kai ba idan ka fara da yi wa imaninsa dariya, danginsa kuma ko ka so ko ka ƙi za su kai shi wurin boka da zarar ka juya baya. Gara a san abin da ake ba shi. A ganina wannan ne bincike mafi daraja da aka yi a Aro, kuma babu gidauniyar da ta nemi a yi shi. Rashin gadaje da sanin halin mutanensa ne suka kai Lambo gare shi.

Da suna ya fita, kuɗi ya biyo baya, daga waje. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki fim kan ƙauyen. A 1961 aka yi taron likitocin tabin hankali na Afirka na farko a Aro. A wannan shekarar kuma Alexander Leighton da abokan aikinsa daga Jami'ar Cornell ta Amurka suka haɗa kai da Lambo, suka bi ƙauyukan da ke kewaye da Abeokuta da cikin garin suna yi wa mutane tambayoyi, don su kwatanta da abin da suka samu a wani yanki na Nova Scotia a Kanada. Littafin da ya fito a 1963 ya nuna cewa damuwa da fargaba da ƙuncin rai da likita ke gani a Kanada suna nan a cikin Yarabawa. Wannan ya karya maganar su Carothers, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka Ibadan, inda Lambo ya koma ya zama farfesa, ta shiga cikin cibiyoyi tara na babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciwon sikizofireniya, tare da birane irin su Agra da Landan da Mosko da Washington, da taimakon kuɗin cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, NIMH. Da aka sake duba marasa lafiyar bayan shekara biyu sai aka ga na Ibadan da na Agra sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Har yau masana na gardama kan dalili.

Ba na raina waɗannan ayyuka. Amma duk wanda ya duba su da kyau zai ga tambayar da aka biya kuɗi a amsa ita ce ko ma'aunin Turawa yana aiki a kan Bayarabe. Tambayar da ta fi damun uwar da ke kwana da ɗanta a ɗakin haya, wato ko zaman ƙauye ya fi kwanciya a asibiti warkarwa da hana ciwo dawowa, ba ta sami irin wannan gata ba. Lambo ya rubuta cewa marasa lafiyar ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuɗin da ake kashewa kuma bai kai na kwanciya ba. Masu suka suka ce ba a gwada abin da ma'aunin da zai rufe bakin kowa ba.

Akwai labarin da ya fi wannan ɗaci. Raymond Prince likita ne ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950. Mutum ne mai son sani, shi ne ya rubuta a 1960 cewa bokayen Yarabawa sun daɗe suna shayar da masu tabin hankali saiwar wani itace da suke kira asofeyeje, wanda daga danginsa ne ake ciro maganin reserpine da likitocin Turai suka fara amfani da shi a shekarun 1950. Ya so ya dawo ya zauna da bokayen ya koyi aikinsu sosai, sai wata gidauniya a Amurka, Human Ecology Fund, ta ba shi tallafi, ya dawo a farkon shekarun 1960. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da aka tono takardun hukumar leƙen asirin Amurka, ya gane cewa gidauniyar rufa-rufa ce ta CIA, aikinsa kuma yana cikin jerin ayyukan shirin MKULTRA, wanda ke neman hanyoyin juya tunanin mutum da magunguna. Shi da kansa ya rubuta labarin daga baya. Bokayen da suka buɗe masa ɗakunan magani, suka bar shi ya ga marasa lafiyarsu, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to shi Prince ya yi askin bai ma san kan wa yake askewa ba.

Maganar shaye-shaye ma daga Aro aka fara rubuta ta da idon likita. Tolani Asuni, wanda ya gaji Lambo a riƙon asibitin, ya buga bincike kan tabar wiwi a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya ta harkar miyagun ƙwayoyi a 1964, Lambo ya biyo shi da nasa a 1965. Amsar gwamnati ita ce dokar soja ta 1966, wadda ta tanadi hukuncin da ya kai har kisa ga mai noman wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga mai shan ta. Tun daga nan aka raba gari: kuɗin ƙasa ya tafi wajen kame da kotu da kurkuku, har aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, shi kuwa sanin me ya sa yaro ke sha da yadda za a raba shi da shan aka bar wa likitoci ƙalilan. Aro ta buɗe sashen jinya da bincike kan shaye-shaye a 1983, ana gab da shiga matsin tattalin arzikin da ya kori malaman jami'a da likitoci da yawa zuwa ƙasashen waje.

Lambo kansa ya bar ƙasar a 1971, bayan ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kai matsayin mataimakin babban daraktan hukumar nan da ta buga littafin Carothers, ya riƙe kujerar har 1988. Ya rasu a 2004. Tsarin ƙauye kuwa gari ne ya cinye shi. Abeokuta ta zama hedikwatar Jihar Ogun a 1976, ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, mai gida kuma ya ga ma'aikaci mai albashi ya fi mara lafiya sauƙin sha'ani.

Sai a 2020 aka sami amsa mai ƙarfi ga wani sashe na tunanin Lambo. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi kan marasa lafiya 307 da ke kwance a wuraren bokaye da masu addu'a. A wasu wuraren an haɗa masu maganin da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suna zuwa duba marasa lafiya da ba su magani, a wasu kuma ba a yi wannan haɗin ba. Bayan wata shida waɗanda aka haɗa wa hannu biyu sun fi samun sauƙi sosai, ɗaure mutane da mari kuma ya ragu a ɓangarorin biyu. Shekara 66 ke nan bayan buɗe ƙauyen Aro, kuma NIMH ta Amurka ce ta biya. Haka babban binciken ƙidayar masu shaye-shaye na farko da ya game ƙasar nan, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyar CRISA da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018, kuɗin Tarayyar Turai ne. Shi ya gaya mana cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 2.4 sun sha maganin tari don buguwa, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ko haramta maganin tari mai kodin da aka yi a watan Mayun 2018, sai da BBC ta nuna fim kan matsalar tukuna.

Wannan tarihi na ƙasar Yarabawa ne, amma ni da nake zaune a Arewa ba na iya karanta shi kamar labarin wasu. A unguwarmu na ga yaron da kodin da tiramol suka ɗauke wa hankali, na ga ranar da aka dawo da shi daga gidan mari. Idon sawunsa biyu sun yi zoben baƙin tabo, yana tafiya yana ware ƙafa kamar ƙarfen na nan. Mahaifiyarsa ba muguwa ba ce. Ta sayar da akuyoyinta ta biya kuɗin zamansa, domin malamin gidan marin shi kaɗai ne ya ce mata kawo shi, zan riƙe. Da 'yan sanda suka kwance mutum sama da 300 a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, aka bi da wasu gidajen a Daura da Katsina, kowa ya yi tir, kuma abin tir ne. Sai dai rufe gida ba ya amsa tambayar da iyaye ke yi, ina za mu kai shi. Muna da asibitocin tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma likitocin cikinsu sun san cewa yawancin wanda ya iso gabansu ya riga ya biya ta wurin mai ruƙiyya ko boka ko 'yan bori. Abin da Lambo ya gani ke nan a 1954.

Ba na cewa a ƙi kuɗin waje. Matashin likitan da ya sami tallafin Wellcome ko na Grand Challenges Canada ya karɓa da hannu biyu, ya dai karanta takardar da kyau, ya san wa ke bayanta da abin da za a yi da bayanan marasa lafiyarsa. Amma kuɗin da wani ya bayar yana iya janye shi ranar da siyasar ƙasarsu ta juya, kamar yadda aka gani a 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, a cikinta kuma akwai tanadin asusu na musamman. Ga kuma asusun bincike na TETFund da malaman jami'a ke nema. Da zan sami kunnen masu riƙe da su, aikin da zan roƙa a fara biya shi ne irin gwajin Gureje a Kano da Sakkwato da Zariya: a zaɓi malaman da suka yarda su ajiye mari, a haɗa kowannensu da ma'aikacin lafiya na unguwa da zai riƙa zuwa da magani, a ba likita mota da mai da albashin mataimaka na shekara biyar, ya bi yaran nan gida-gida ya rubuta wanda ya koma sha, da wanda ya koma kasuwa ko makaranta, da nawa iyaye suka kashe a kan kowannensu.