J-7: Tsohon Jirgin Da Ya Koya Wa Ƙasar Sin Ƙera Jiragen Yaƙi

Idan ana maganar jiragen yaƙin ƙasar Sin, hankalinmu kan tafi kan J-20, wanda rada ke wahalar ganowa. A tarihinmu na wannan mako za mu koma kan kakansa ne, wato J-7.

A 1961 Tarayyar Sobiyet ta amince ta ba Sin fasahar ƙera jirginta MiG-21. Sai dai a lokacin zumuncin ƙasashen biyu ya riga ya yi tsami, takardun da suka iso kuma ba su cika ba. Dole injiniyoyin Sin suka kwance jirgin ɗaiɗai, suka auna kowane ƙarfe don su gano abin da ba a rubuta musu ba. J-7 na farko ya tashi a Shenyang cikin Janairun 1966, daga baya aikin ya koma Chengdu. A shekarar ce kuma Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, ya dagula masana'antu har shekara goma.

Da ƙura ta lafa, sai aka shiga gyara. Samfurin J-7II na 1978 ya zo da ingantacciyar kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi. A shekarun 1980 aka fitar da F-7M don sayarwa waje, ɗauke da na'urorin lantarki na Ingila. A 1990 J-7E ya tashi da sabon fasalin fiffike da ya ƙara masa saurin juyawa a sama. Ba a daina ƙera shi ba sai 2013, bayan an yi fiye da guda 2,400.

Akwai wani reshe na labarin. Sin ta haɗa kai da kamfanin Grumman na Amurka don sabunta jirgin, amma aikin ya rushe bayan abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989. Daga baya ta farfaɗo da tunanin tare da Pakistan, aka samu JF-17 wanda ya fara tashi a 2003.

Nan ne labarin ya taɓo mu. A 2005 Nijeriya ta ƙulla cinikin F-7 guda 15, a 2021 kuma ta karɓi JF-17 guda uku. Yanzu Sin tana yi wa nata J-7 ritaya, tana maye gurbinsu da irin su J-10C da J-16, alhali masu saye suna ci gaba da lallaɓa nasu. A Yulin 2025 wani F-7 na Bangaladesh ya faɗo kan wata makaranta a Dhaka, yara da dama suka rasu.

Shekara 47 ke nan Sin ta kwashe tana gyaran jirgi ɗaya. A kansa Chengdu ta horar da injiniyoyi, kuma daga wannan masana'anta J-10 ya fito a 1998, J-20 a 2011. Wanda ya ƙera jirgi shi ke da ikon tsawaita rayuwarsa ko ya ajiye shi. Mai saye kuwa sai ya jira kayan gyara daga wata uwa duniya. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.