Gawa a Bayan Kantin Alewa

Wata rana ina tone-tone a wajen wani mai gwanjon littattafai, irin waɗanda ake jibgo mana daga ƙasashen Turawa bayan masu su sun gama da su, sai hannuna ya kai kan wani ɗan ƙaramin littafi wanda aka zana hoton biskit a bangonsa, aka kuma sa kalmar kisan kai a cikin sunansa. Da fari na ɗauka raha ce kawai, sai da na buɗe na tarar lalle an kashe mutum tun labari bai yi nisa ba. Amma abin ta'ajibi, ba a jima da tsintar gawar ba sai ga wani shafi yana cewa a samo fulawa kofi kaza, da sukari kaza, da man shanu, a cuɗa, a sa a tanda minti kaza. Shafukan girkin nan duk sun yi dabbare-dabbare da maiƙo, alamar wadda ta mallaki littafin kafin ni har madafi ta shiga da shi.

Irin waɗannan hikayoyi mutanen Ingila da na Amurka suna ce musu kozi, kalmar da ke nufin ɗumin ɗaki ranar hunturu, kuma suna da sharuɗɗa sanannu: ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, da mai bincike wadda ba 'yar sanda ba ce, galibi mace mai sana'ar hannu, da kisan da ake ba da labarinsa ba tare da an nuna jini ba, babu batsa, babu ashar. Duk wanda ya taso da karatun James Hadley Chase, kamar yadda da yawa daga 'yan makarantarmu suka taso, zai ga tsakanin wancan da wannan akwai tafiyar kwana da kwanaki. Amma haɗuwar zaƙi da ajali ba marubuta suka ƙirƙiro ta ba, tarar da ita suka yi, kuma a lokacin da ta faru babu wanda ya yi dariya.

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1858, a birnin Bradford na ƙasar Ingila, akwai wani mai yin alewa, Joseph Neal, wanda saboda tsadar sukari yakan yi algus, ya gauraya shi da wani farin gari na dutse mai araha, kamar yadda abokan sana'arsa da yawa suke yi a wancan zamani. Ya aika a sayo masa garin nan a wani kantin magani da ke Shipley, aka yi rashin sa'a mai kantin yana kwance ba lafiya, yaronsa kuwa, wanda bai ƙware ba, ya buɗe wata ganga dabam ya auno laba 12 na gubar asinik, wadda ita ma fara ce, kuma ba ta da wani ɗanɗano da zai tona ta. Aka kwaɓa alewar minti da ita. Da aka ga launinta ya ɗan sauya, maimakon a tsaya a yi bincike, sai aka rage wa mai sari kuɗi. Mai sarin nan, William Hardaker, ya kai ta rumfarsa a kasuwa ya sayar, shi kansa ya sha ya kwanta, kafin a farga kuma mutum kimanin 20 sun riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara, fiye da 200 kuma suna jinya. Ba wanda aka ɗaure a kan wannan musiba, amma tana cikin dalilan da suka sa majalisar Ingila ta kafa dokar 1868 wadda ta taƙaita sayar da guba ga masu ilmin haɗa magani.

Wancan kuskure ne. Wanda ya faru a garin Brighton na Ingila kuwa ganganci ne. A shekarar 1871 wata mace, Christiana Edmunds, wadda son wani likita mai mata ya rufe wa ido, ta riƙa aiken yara su sayo mata cakulan a wani kanti, ta ɗura masa gubar sitirikinin wadda ta saya da hujjar za ta kashe kyanwoyi, sannan ta mayar da shi kantin a kan wai ba irinsa take so ba, har wani yaro ɗan shekara 4 ya ci ya mutu. An yanke mata hukuncin kisa, daga baya aka ce taɓin hankali ne, aka tsare ta a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor har ta mutu a 1907. A Amurka ma, a 1898, wata Cordelia Botkin ta aika da akwatin cakulan mai guba ta gidan waya daga San Francisco zuwa Delaware, ya halaka matar masoyinta da 'yar'uwar matar. Hikimar mugu a nan a fili take, domin zaƙi yana rufe ɗaci, kuma alewa kyauta ce wadda ba a saba tuhumar mai ba da ita ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da mutanen Ingila suka gaji da ganin mutuwa ta gaske, wadda ba ta da dalili balle mai laifi guda da za a nuna da yatsa, sai marubutansu suka mayar da kisan kai wasan wasa ƙwaƙwalwa. Agatha Christie, wadda ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a Torquay lokacin yaƙin, ta san guba kamar yunwar cikinta, littafinta na farko na 1920 ma da sitirikinin aka yi kisan da ke cikinsa. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji 10 na wannan fanni, kai ka ce matanin fiƙihu ne: dole a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a kawo aljani ko fatalwa, kada a kawo gubar da masana ba su sani ba, kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gani. A wannan shekara dai Anthony Berkeley ya wallafa wani littafi a kan akwatin cakulan mai guba, inda mutum 6 suka zauna kowa ya kawo fatawarsa game da wanda ya yi kisan, kowace fatawa kuma da hujjojinta, har mai karatu ya rasa wadda zai kama.

Amma kakar wannan zuriya duka ita ce Miss Marple, tsohuwar nan mai saƙa wadda ba ta taɓa aure ba, wadda Christie ta zaunar a wani ƙauye na ƙage mai suna St Mary Mead, ta kuma ba ta littafinta na farko a 1930, inda aka tsinci gawa a ɗakin karatun limamin coci. Tsohuwar nan ba ta da madubin ƙara girma, ba ta da bindiga. Makaminta ƙiyasi ne tsantsa, domin idan ta ga baƙo sai ta ce ai wannan ya tuna mata da wane mai yankan nama, ko wance mai aikin gidan likita, waɗanda suka taɓa yin kaza, tun da kuwa illa ɗaya ce, to hukunci ma ɗaya ne. Alƙali ba zai karɓi irin wannan ba sai da bayyina, shi ya sa sau da yawa sai ta haɗa tarko mai laifi ya tona kansa. A nan ne na ga wani abu da ya ba ni dariya, wato abin da malamanmu suke yi mana wa'azi a kansa dare da rana, giba da tsegumi da bin diddigin maƙwabta, shi ne waɗannan littattafai suka mayar kayan aikin adalci.

Ba kowa ne ya yarda da wannan salo ba. A 1944 Raymond Chandler, marubucin Amurka, ya yi wata maƙala mai zafi yana cewa kisan da ke cikin irin waɗannan littattafai ƙarya ce da aka yi wa ado, ya kuma yabi Dashiell Hammett saboda ya mayar da kisa hannun mutanen da ke yinsa da dalili, a lungunan manyan birane. Chandler yana da gaskiya a kan abin da ya gani, sai dai a ra'ayina ya ɗauka masu karatun nan gaskiyar kisa suke nema, alhali kuwa abin da suke biya da kuɗinsu shi ne su ga gari ya rikice sannan ya koma daidai kafin su kashe fitila.

Shigar girki cikin sha'anin a hankali ta zo. Rex Stout ya sa bayanin yadda ake dafa wasu abinci a ƙarshen wani littafinsa na 1938, amma jaruminsa Nero Wolfe maci ne, kuku gare shi. Sai a 1982 Virginia Rich ta fito da wata gwauruwa mai son girki, Eugenia Potter, ta kuma haɗa wa mai karatu da tsarin girkin. Littafi 3 ta yi, ta rasu a 1985. Ana cikin haka talabijin ta ƙara wa wutar makamashi, domin daga 1984 zuwa 1996 Angela Lansbury tana fitowa a matsayin Jessica Fletcher, mai warware kisa a ƙauyen Cabot Cove, ƙauyen da mutanensa suka yi ta mutuwa har abin ya zama abin barkwanci. A 1990 kuma Diane Mott Davidson ta kawo Goldy, bazawara mai dafa abincin biki a Colorado, wadda ta tsere wa miji mai duka, kuma a nan ne aka warware wata tsohuwar mas'ala, wato me ya kai mai girki binciken kisa? An sa wa wani guba a wajen taron da ta yi wa abinci, hukuma ta rufe mata sana'a, saboda haka in ba ta gano mai laifi ba ita da ɗanta ba su da abin sawa a baka.

Littafin da na tsinta a gwanjo shi ne na farko cikin jerin da Joanne Fluke ta fara a shekarar 2000, kuma shi ne ya kafa kantin kayan zaƙi a tsakiyar fagen. Hannah Swensen tana da kantin biskit da gahawa mai suna The Cookie Jar a Lake Eden, garin ƙage a jihar Minnesota mai tsananin sanyi. Tana da ƙaton muzuru mai ido ɗaya, da uwa wadda ba ta da magana sai ta aure, da manema biyu, ɗaya ɗan sanda, ɗaya kuma likitan haƙori, wanda ban san manemin da ya fi shi dacewa da mai sayar da sukari ba. Wata safiya ta tarar an harbe mai kawo mata madara a lungun bayan kantinta, ga biskit ɗinta warwatse kusa da shi. Kantin nan shi ya gaji gidan limamin cocin Miss Marple, domin a garin da ba kowa ke zuwa coci guda ba, kowa dai yana zuwa shan gahawa da safe, daga magajin gari har mai share dusar ƙanƙara, kuma mai kanti tana tsaye da buta tana jin abin da ɗan sanda ba zai taɓa ji ba; in kuwa wata ta ƙi magana, sai ta kai mata faranti har gida, ga shi kuwa baki in ya ci, ido ke jin kunya. Jerin ya haura littafi 25, kusan kowanne da sunan wani kayan zaƙi, kuma tashar Hallmark ta fara mayar da su fim a 2015.

Daga nan sai ƙofa ta ɓalle: JoAnna Carl da kantin cakulan a Michigan tun 2002, Jenn McKinlay da ƙananan kek a Arizona, Jessica Beck da donat a North Carolina, dukansu biyu a 2010, sai Abby Collette a 2020 da wata Baƙar fata mai kantin askirim na gado a Ohio, bayan an daɗe galibin mutanen garuruwan nan Turawa ne. Ba zan ɓoye ba, da yawa daga cikinsu kamar a tanda ɗaya aka gasa su, kuma galibi wanda ake kashewa mutum ne da gari ya gaji da shi, don kada makoki ya ɓata wa mai karatu shayinsa. Masu sha'awarsu kuwa ko a jikinsu. Tun 1989 suke taruwa shekara-shekara a wajajen birnin Washington, a taron da suke kira Malice Domestic, inda suke ba gwanayen shekara lambar yabo mai sunan Agatha, wadda ba kofi ba ce ba kuma allo ba, butar shayi ce da aka zana wa ƙoƙon kan mutum a jiki.