Hantsar Bokoloji: Daga Idon Makiyayi Zuwa Ƙwayoyin Gado

Tun kafin a gina madatsar Bakolori, makiyayan fadamun Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san cewa ran maraƙi yana rataye ne da hantsar uwarsa. Idan kan nono ya cika kauri, sabon haihuwa ba ya iya kama shi, sai dakashi ya wuce shi, ya raunana, wani lokaci ya mutu. Shi ya sa ba a barin ɗan maraƙi ya zama bijimin garken Bokoloji ko Rahaji sai an tuno hantsar uwarsa da ta kakarsa.

A 1928 Turawa suka buɗe gonar dabbobi a Shika, wadda ta zama cibiyar NAPRI a 1976, inda asalin shanu ya koma kan takarda. A Brazil kuwa, ƙananan kawunan nono na cikin dalilan da suka sa Nelore, mai tushe daga Indiya, ta rinjayi sauran shanun nama masu tozo.

A 2001 Meuwissen da Hayes da Goddard suka nuna yadda za a hasashe halin dabba daga ƙwayoyin gadonta, aka kuma fitar da taswirar gadon saniya a 2009. Yau gashin wutsiyar karsana na iya nuna irin hantsar da za ta yi, muddin an riga an auna dubban 'yan'uwanta an rubuta.

Nan gizo ke saƙar. Madatsar da aka kammala a 1978 ta rage wuraren kiwon rani, satar shanu kuma ta tarwatsa garkunan Zamfara. Duk garken da aka kora daji, da tarihin zuriyarsa yake tafiya.