Jinginar Gidajen Tsofaffi a Amurka: Dokar da Take Bin Sawun Ɓarna

A Amurka akwai wani bashi da ake ba wa dattijon da ya kai shekara 62 kuma ya mallaki gidan da yake zaune a ciki. Zai jinginar da gidan, a ba shi kuɗi a dunƙule ko wata-wata, ba tare da yana biyan komai a ƙarshen wata ba. Kuɗin ruwa yana taruwa a kan uwar kuɗi har ranar da ya rasu, ko ya sayar da gidan, ko ya ƙaura, sannan a cire bashin daga kuɗin gidan. Dokar gidaje ta 1987 ce ta kafa shirin, wanda ake kira HECM, hukumar gidaje ta tarayya, FHA, kuma ta tsaya masa da inshora.

Tun farko dokar ta tanadi kariya biyu. Dole mai neman bashin ya zauna da mai ba da shawara wanda ma'aikatar gidaje ta amince da shi kafin ya sa hannu. Sannan komai yadda bashin ya kumbura, ba a bin mutum ko magadansa abin da ya wuce darajar gidan. Magadan da suke son riƙe gidan kan biya bashin, ko kashi 95 cikin 100 na kimar gidan, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Sai dai wannan kariya ta tsare yawan bashi ne, ba ta tabbatar wa dattijo zama a gidansa ba. Harajin gida da inshora da gyare-gyare suna nan a wuyansa, in ya gaza kuma a ƙwace gidan. Rahoton da hukumar kare masu mu'amalar kuɗi, CFPB, ta miƙa wa majalisa a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na masu wannan bashi sun kasa biyan haraji ko inshora. Da yawa sun kwashe kuɗin gaba ɗaya tun ranar farko. Shi ya sa a 2013 aka taƙaita abin da za a iya cira a shekarar farko zuwa kashi 60 cikin 100 na kuɗin da aka amince a bayar, a 2015 kuma aka wajabta binciken ƙarfin aljihun mai nema, tare da ware wani kaso domin haraji idan an ga rauni.

Matsala ta biyu ta shafi ma'aurata. Da yake wanda ya fi tsufa ya fi samun kuɗi mai yawa, wasu dillalai sun riƙa ba da shawarar a cire sunan matar da ta fi ƙuruciya daga takarda. Miji na rasuwa, sai a buƙaci ta biya ko ta fita. Sai da aka kai ƙara kotu, aka yanke hukunci a 2013, kafin ma'aikatar ta sauya ƙa'ida ga basussukan da aka ƙulla daga watan Agustan 2014. A 2016 kuma CFPB ta ci tarar kamfanoni uku saboda tallan yaudara, ciki har da iƙirarin cewa mutum ba zai taɓa rasa gidansa ba.

Kowane gyara ya zo ne bayan an riga an cutu. Bayani da shawara kaɗai ba su isa kare tsoho ba. Abin da ya rage ɓarnar shi ne ɗora wa mai ba da bashin nauyin tabbatar da cewa wanda ya karɓa zai iya riƙe gidansa.