Yadda Hayaluronidas Ya Rabu da Mayanka

A 1928, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, Francisco Duran-Reynals ya lura cewa idan ya gauraya ƙwayar cuta da ruwan da aka tato daga marainan dabba, ya yi wa zomo allura a fata, sai cutar ta bazu fiye da yadda aka saba gani. Ashe akwai wani abu a ruwan da ke buɗe mata hanya.

Sai a 1934 Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Columbia suka fitar da wani sinadari mai yauƙi kamar miyar kuɓewa daga ruwan idon saniya. Shi ne hayaluronik asid, wanda ke cike tsakanin ƙwayoyin jiki a fata da gaɓoɓi da ido. Wajen 1940 Chain da Duthie a Oxford suka nuna cewa abin da Duran-Reynals ya gani enzayim ne mai sassare wannan yauƙi. Aka kira shi hayaluronidas.

Daga nan, shekaru da dama mayanka ce tushensa. Marainan bijimai da raguna ake niƙawa a tace. Likitocin ido sun amfana da shi wajen baza allurar kashe zafi, amma mai bincike yana cikin tsaka mai wuya: kwalbar da ke hannunsa cike take da wasu furotin na dabba, kuma ta bana ba lallai ta yi daidai da ta bara ba. In ya ga sakamako, wa zai jingina wa? A ganina wannan ne ya fi komai jan ƙafar fannin.

A 1997 ɗakin binciken Robert Stern a San Francisco ya tace wani nau'in hayaluronidas mai suna HYAL1 daga jinin mutum. Wannan a wuri mai tsami yake aiki. Wani nau'in kuwa mai suna PH20, wanda ke jikin maniyyi yana ratsa lulluɓin ƙwai, yana aiki a yanayin jiki na yau da kullum, sai dai a manne yake da maniyyin. Kamfanin Halozyme na San Diego ya datse wutsiyar da ke manna shi, ya sa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira CHO, waɗanda ake reno a tanki, su riƙa samar da shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Hylenex a 2005.

Yau mai nazarin kansa ko haihuwa yana iya odar HYAL1 ko PH20 na ɗan'adam, tsantsa, ya gwada kowanne shi kaɗai.