Tarihin wasan wuta: daga gorar Sin zuwa furen sama

Ran babban biki a manyan birane akan harba wata wuta sama da dare. Takan tashi da ƙara, ta yi shiru kaɗan, sannan ta buɗe kamar fure, ja da tsanwa da fari. Abin ba ya wuce ƙiftawar ido, amma mutane sun yi shekara fiye da dubu suna koyon yadda ake yin shi.

Mafarin abin a ƙasar Sin ne. Tun ba a san albarushi ba, mutanen can sukan jefa ɗanyar gora cikin wuta ran sabuwar shekara. In iskar da ke cikin gaɓar gora ta yi zafi sai ta fashe, su kuwa suna cewa ƙarar tana korar miyagun iskoki. Cikin ƙarni na 9 wasu masu haɗa magani suna neman maganin tsawon rai, sai sunka gama gawayi da farar wuta da wani farin gishiri. Garin neman ƙiba anka samo rama: abin da ya fito shi ne albarushi. Cikin shekara ta 1044 anka rubuta haɗinshi cikin wani littafin yaƙi na Sin. Ma'aunin da anka tsaya kanshi daga baya shi ne: cikin kashi 100, gishirin 75, gawayi 15, farar wuta 10.

Daga Sin ilimin ya iso ga Larabawa, har sunka sa wa gishirin suna "ƙanƙarar Sin". Wajen shekara ta 1280 wani malamin Sham, Hasan al-Rammah, ya rubuta littafi mai haɗin albarushi fiye da 100, wasu na yaƙi, wasu na wasa. Kalmarmu ta albarushi ma daga Larabci munka aro ta. Kuma kakanninmu sun taɓa sana'ar, don a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi a Zinder, ana kuma zuba igwa.

A Turai mutanen Italiya ne sunka zama gwanaye. Wasu ƴan'uwa daga garin Bolonya, ana ce musu Ruggieri, sunka koma Paris suna yi wa sarakunan Faransa aiki. Ran 30 ga Mayu 1770, wajen bikin auren yariman da ya zama Luwi na 16, wuta ta kama wurin da anka jera kayan wasan, jama'a kuma sunka turmutse cikin wani titi. Hukuma ta ƙidaya gawa 132.

Har zuwa lokacin nan launin wutar kusan ɗaya ne, ruwan goro irin na garwashi, sai ɗan fari. Cikin shekarun 1780 wani masanin Faransa, Berthollet, ya gano wani gishiri mai suna kilorat, wanda ke sa wuta ta yi zafi ƙwarai. Da anka gwada yin albarushi da shi a 1788, sai ma'aikatar ta fashe, mutum 2 sunka mutu. Duk da haka shi ya buɗe hanyar launi. Wajen 1830 masu sana'ar sunka fara gama shi da gishirin ƙarafa iri-iri. Sitoronsiyom ke ba da ja, bariyom ke ba da tsanwa, jan ƙarfe ke ba da shuɗi. Rawaya kuwa daga sodiyom take, wanda ke cikin gishirin miya. Ku barbaɗa gishiri kaɗan bisa harshen wuta, za ku gani da idonku. Shuɗi ya fi kowane wuya, domin in zafi ya yi yawa launin sai shi ɓace. Shi ya sa har yau da shuɗi ake gane gwani.

To, yaya ƙwallon da ake harbawa yake? Ku ɗauka ƙoƙo biyu ne na takarda anka kifa wa juna. Cikin kowane ƙoƙo ana jera ƴan dunƙule masu launi, waɗanda ake kira taurari. A tsakiya ana zuba albarushin da zai fasa ƙwallon. Lagwani shina ratsawa daga waje zuwa tsakiyar. A ƙarƙashi kuma akwai wani albarushin daban, mai ɗaga ƙwallon sama. Ana saka shi duka cikin bututu da anka kafa tsaye, kamar taɓarya cikin turmi. In anka kunna, albarushin ƙasa shi tura ƙwallon sama, a lokaci guda kuma shi kama lagwanin. Lagwanin shina ci sannu-sannu muddar ƙwallon na hawa. Sai ya kai ƙololuwa wuta ke isa tsakiya, ƙwallon shi fashe, taurari su kama su watsu.

Duk gwanintar tana ga ma'auni. In lagwani ya gajarta, ƙwallon zai fashe kusa da kan mutane. In ya yi tsawo, sai ya juyo ƙasa zai fashe. In takardar ta yi kauri gefe guda, furen zai fito a karkace. Yadda anka jera taurari a ciki, haka za su fito a sama: in da'ira anka yi, da'ira za a gani.

Mutanen Japon ne sunka kai wanga aiki matuƙa. Suna kiran wasan "hanabi", wato furen wuta. Gidan Kagiya ya fara sana'ar a 1659 a birnin Edo, wanda shi ne Tokyo yau. Suna ƙidaya mafarin babban bikinsu na kogin Sumida daga 1733, bayan yunwa da annoba ta shekarar da ta gabata. Wani yaron gidan Kagiya ya buɗe nashi gida mai suna Tamaya, gidajen biyu sunka yi ta gasa bisa kogi. A 1843 gobara ta tashi daga gidan Tamaya ta ci unguwa, anka kore shi daga birnin. Amma har yau masu kallo sukan kira sunayen gidajen biyu in fure ya yi kyau. Gwanayen Japon suna mulmula tauraro hawa-hawa, kamar yadda ake mirgina fura cikin gari, kowane hawa da launinshi. Saboda haka tauraro guda sai shi fara da ja shi ƙare da tsanwa. Bayan ƙwallon kuma ana manna takarda, a shanya, a sake mannawa, har sau da yawa. A garin Katakai, tun 1985, ana harba ƙwallo mai faɗin santimetir 120 da nauyin kilo 420. Furenshi yakan kai faɗin metir 800.

Ba duka masu wanga aiki ke cin abinci da shi ba. A tsibirin Malta mazan ƙauye ne ke taruwa bayan sun tashi daga aiki, su shekara suna haɗa ƙwallaye domin bikin ƙauyensu, ba a biyansu ko dala. Nasu dogaye ne kamar gwangwani, a naɗe da igiya, suna fashewa hawa-hawa. A Amurka masu sha'awar abin sun kafa ƙungiya a 1969, suna taro kowace shekara, tsofaffi na koya wa sabbi. Ran 8 ga Fabrairu 2020, a jihar Kolorado, wata ƴar ƙungiya ta mutum 4 ta harba ƙwallo mai nauyin kilo 1,268.

Amma wuta ba ta san gwani ba. Malta ta binne mazanta da yawa saboda wagga sha'awa. Ran 13 ga Mayu 2000 rumbun kayan wasan wuta ya fashe tsakiyar garin Enschede na ƙasar Holan, mutum 23 sunka mutu. Ran 20 ga Disamba 2016 kasuwar Tultepec a Meziko ta kama, anka rasa mutum fiye da 40. Don haka ƙasashe sunka kafa doka: sai da izini, sai nesa da gidaje, sai wanda ya koya.

Abin lura cikin wanga tarihi shi ne, ilimin bai tsira ba sai da rubutu da lissafi. Wanda ya auna ya rubuta, na bayanshi ya ɗora. Wanda ya yi da ka, sau da yawa shi da saninshi sunka tafi tare. Mu kuma, lokacin salla da ƙarshen shekara, yara kan sayi ƙananan masu fashewa a kasuwa. Albarushi ne a ciki, kuma ƙarami ma shina cire yatsa ko ido. Kada a bar yaro shi kunna a hannu, ko kusa da rumbu, ko dannin kara, ko kwalaben mai, balle cikin hunturu da komai ya bushe. Allah shi kiyaye mu da gobara, amin.